Daminar da Aka Ɗaure Dogo

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Wannan ne karo na uku da na ga haka a rayuwata, ban kuma sa ran ganin na huɗu ba. Tun hantsi bango ke ɗaukar zafi, kafin azahar ko tabarma ba ta zaunuwa. Ni yanzu an hana ni azumi, sai ciyarwa, amma ƙishirwar mutanen gida ina jin ta a maƙogwarona kamar ni ke yi. Shekaranjiya da la'asar ina kwance a rumfa, rediyo na gefen kaina, na ji ana ba da labarin wasu manoma da aka tsare don sun yi taro a kan filayen fadama da ake son karɓe musu. An kai su kotu, lauyoyi sun yi ta ja-in-ja a kan beli, alƙali ya ɗage zama sai bayan salla. Mai labarai ya wuce zuwa wani zance. Ni kuwa na ɗaga kai na ga gabas ta fara haɗa baƙi, sai na ji ina tambayar kaina, in ruwan nan ya sauka, wa zai yi musu shuka?

Na san wannan tambayar, don an taɓa barina da ita.

A zamanin Nasara ne, 'yan shekaru kafin su tafi. Muna zaune a wata 'yar tunga a bakin fadamar Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, gidaje ba su fi talatin ba. Lokacin babu madatsar ruwa, babu injin ban-ruwa, babu buhunan albasa jere a bakin hanya. Abin da sama ta ba ka shi ne naka. Shekarata huɗu da aure, ina goyon 'yar farina. Mu huɗu ne a gida: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da jaririyar. Sunansa ban taɓa kamawa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Mutanen gari Dogo suke ce masa.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fid da kai. Abin da muka girbe bai kai mu ƙarshen rani ba. Kafin a ga watan azumi mun share rumbu da tsintsiya, har ƙasar gindinsa mun tankaɗe. Daga nan sai abincin daji. Da asuba, in an yi salla, mu mata mu gangara fadama mu shiga taɓo muna tonon bado, saiwar nan baƙa ta cikin ruwa, mu wanke, mu shanya, mu daka. Akwai anza kuma, 'ya'yan itace masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana huɗu ana canja ruwa kafin su ciwu, kuma ko an dafa ɗacin na nan a bayan harshe. Da su muke buɗa baki, da su muke sahur. Dusa in ta samu, ranar biki ce. Nonona ya janye, yarinya ta tsotsa ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa.

Duk da haka akwai gero a gidanmu. Iri ne, cikin wani tulu da Inna ta liƙe bakinsa da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta. Ba wanda ke zancensa. Wani yini ina sharar ɗakinta na tsaya a daidai wurin, ban san na daɗe ba, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa.

“Ɗiyata, share ki wuce. Wanga ba namu na ba, na baɗi na.”

Na share na wuce.

Dogo ba mai yawan magana ba ne, amma a ranin nan ya soma dawowa daga kasuwa da zance a bakinsa. Akwai wani tela da ke yawon cin kasuwanni da kekensa, ɗan jam'iyyar nan ta talakawa, wadda a garinmu ba a kama sunanta sai da raɗa. Shi ya gaya wa mazan garinmu cewa aikin gandun hakimi da ake kwashe maza a kai su kowace damina, ba lada ba abinci, ba ya cikin shari'ar Musulunci, kuma ko a dokar Nasaran ma babu shi. Ya nuna musu wata takarda. Dogo bai iya boko ba, amma ya riƙe maganar kamar shi ya rubuta ta.

Abin da ya sa ta kama shi, kowa ya sani. Mu a tudu ruwan shuka na farko laimar kwana biyu yake bari a ƙasa, in ya yi yawa uku. Waɗannan kwanakin ne ake kiran maza gandu. Kafin su dawo laima ta tafi, sai su jira ruwa na biyu. Daminar da ta ba mu yunwa, da mun yi shuka da ruwan farko, da geronmu ya nuna kafin ruwa ya ɗauke.

Sai suka fara zama bayan la'asar a gindin wani gawo a bayan gari, su shida. Cikinsu har da Maidamma, abokin Dogo tun suna kiwon awaki, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Matarsa Tumba ita ce abokiyar tonon badona. Shawarar da suka yanke ba mai girma ba ce. In ruwa ya sauka kowa ya shuka gonarsa tukuna, sannan su tafi gandu gaba ɗaya. Ba su ce ba za su je ba. Na sha nanata wannan ga duk wanda ya tambaye ni.

Ranar sha bakwai ga azumi iska ta tsaya cak tun safe. Kaji sun buɗe baki sun saki fukafukai. Wajen la'asar gabas ta yi ja, ta koma baƙi, guguwa ta taso ta kwashe mana danga ɗaya. Sai ruwa. Irin ruwan nan mai manyan ɗigo da ke tayar da ƙanshin ƙasa har ka ji kamar ka ɗiba ka ci. Na tsaya a tsakar gida yana dukana, na rufe baki gam don kada ya karya mini azumi. Da magariba Dogo ya fita bayan gida ya luma hannu a ƙasa, ya dawo ya nuna wa Inna. Laima ta kai masa har wuyan hannu. Inna ta ce a janye gadonta.

Da gari ya waye, rana ba ta gama fitowa ba, bafaden hakimi ya iso a kan doki, mai gari na biye da shi a ƙasa. Aka tara maza a ƙofar masallaci. Ina leƙe ta ɓarakar dangar da iska ta karya.

“Sarki ya gaishe ku,” in ji bafaden. “Kowane namiji shi ɗauko sunguminai. Kwana ukku.”

Dogo ya durƙusa kamar yadda ake yi, ya ce, “Ranka shi daɗe, mun ji. A ba mu yau da gobe mu rufe namu iri, jibi mu taho duka, mu yi ko kwana biyar na.”

“Wa at tare da kai cikin wagga magana?”

Dogo ya waiwaya. Ni ma daga inda nake na bi fuskokin nan biyar da kallo. Ɗaya ya sunkuya yana gyara takalminsa. Ɗaya ya ja baya ya shige cikin mutane. Maidamma ya buɗe baki, ya dubi mai gari, ya rufe.

“Ni ɗaya na,” in ji Dogo.

Bafaden bai yi faɗa ba. Murmushi ya yi, ya juya dokinsa, maza suka bi shi da sungumansu a kafaɗa. Dogo ya shigo gida ya ɗauki nasa, ya ce in biyo shi da iri.

Shuka aikin mutum biyu ce. Namiji na gaba yana sara rami da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Haka muka yi tun safe, yarinya a bayana, ƙwarya a hannuna. Duk saran da ya yi ina jin ƙarfinsa ya fi na kullum. Mun ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu na gonar, rana ta take tsaka, sai ga dogarai biyu sun ɓullo ta hanyar rafi da jajayen rawunansu.

Bai gudu ba. Ya kafa sungumin a ramin da ya tsaya, ya miƙa musu hannu. Suna ɗaure shi da igiya ya dube ni ya ce, “Kada ki bari laima ta tahi.”

Da yamma mai gari ya sa aka yi shela: duk wanda ya sa hannu a gonar Dogo, shi ma ɗan jam'iyya ne, kuma inda Dogo ya tafi can za shi.

Ban taɓa riƙe sungumi ba sai ranar. Ya fi ni tsawo. Washegari muka fita ni da Inna, tsohuwar da ko rijiya ta daina zuwa. Ni ke sara, ita ke jefawa, muka kwantar da yarinya a inuwar wata sabara. Layina ya riƙa karkacewa kamar tafiyar maciji. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, kafin azahar ya fashe, ƙotar ta riƙa manne mini. Saman ƙasa ya fara yin fari. Sai na sara da ƙarfi kafin in ga baƙar ƙasa a ciki. Matan gari na wucewa ta gefen gona za su fadama, kowacce ta kawar da kai. Tumba ta rage tafiya, ta dube ni, ta wuce.

Wajen azahar na ga duhu. Da na farfaɗo ina kwance a kan kunyar gona, Inna na tsaye a kaina da gora.

“Sha.”

“Inna, azumi nika yi.”

“Mai goyo kike, kuma ke ɗaya ar namijin gidanga yau. Allah ya sani. Sha, ki rama bayan kaka.”

Na sha. Ruwan ya yi zafi kamar an dafa, amma har yau ban sha wanda ya kai shi ba.

Ina miƙewa na hango wani mutum tsaye a bakin gona da malfa. Mahaifina ne. Daga garinsu zuwa namu tafiyar rabin yini ce, kuma azumi yake. Baba ba shi da gonar tudu ta kirki. Abin da ke riƙe da gidansa wani yanki ne na fadama da aka ba shi aro tun kafin a haife ni, yana noman shinkafa da dankali a ciki, yana ciyar da ƙannena biyar. Na je na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da daɗi ba.

“Kulu, tashi ki ɗauko ɗiyarki mu tahi gida.”

“Baba, lahiya?”

“Jiya anka aiko kirana. An ce in kai ki gaban alƙali gobe, ranar shari'ar mijinki, ki ce ba shi ciyar da ke, a raba auren. In ban yi ba, hwadamata ta koma hannun wani.”

Na dubi Inna, ta juya baya tana gyara ƙwarya kamar ba ta ji ba.

“Baba, mi yay yi? Gonatai yash shuka.”

“Ni ban zo shari'a ba. Ni na san bakuna bakwai ag gidana.”

“To ka bar ni in ƙare shuka. Ko mi za a yi, a yi shi gobe.”

Ban jira amsarsa ba, don na san in na jira zan yi kuka. Na koma na ɗauki sungumi. Na sara ɗaya, na sara biyu, na uku ya kauce ya kusa sare mini ƙafa. Ina jin idonsa a bayana. Can sai na ji an fizge ƙotar daga hannuna.

“Wa yak koya maki sara haka? Koma baya ki jehwa.”

“Baba, an yi shela. An ce duk wanda...”

“Na ji shela. Koma baya.”

Ya cire malfa ya ajiye, ya ɗaure rigarsa a ƙugu. Tsoho ne, amma sungumi a hannunsa kamar allura a hannun mai ɗinki. Ni da Inna muka bi shi mu biyu, da ƙyar muke cim masa. Ya yi ta sara har rana ta yi ja, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, bai tsaya ba sai da ya kai iyakar gona. Ƙwarya ta ƙare daidai da ramin ƙarshe, ko ƙwaya ba ta saura ba. Ya buɗa baki da anza a zauren gidanmu. Yana taunawa ya ce, “Gobe dai sai mun tahi. Kira na anka yi.”

Garin hakimi na da 'yar tazara. Muka kama hanya da sassafe, shi a gaba, ni a baya da goyo. Tun daga gida har can bai gaya mini abin da zan faɗa ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yanzu ina jin shari'a na yin shekara ana ɗagawa. Tamu kafin azahar aka gama. Zauren alƙali cike yake, har waje mutane sun yi layi. Aka fito da Dogo. An aske masa rabin kai, an bar rabi, ga marin ƙarfe a ƙafarsa. Bai dubi inda nake ba. Magatakarda ya karanta laifi biyu: taro ba da izini ba, da raina hukuma a bainar jama'a.

Alƙalin dattijo ne, fari, mai ƙaramar murya. Ya tambayi Dogo ko an yi taro.

“Allah shi gafarta malam, hira muka yi gindin gawo.”

“Da wa da wa?”

Dogo ya ƙi kama sunan kowa. Aka sake tambaya, ya sake ƙi. Sai mai garinmu ya miƙe ya ce shi ya san su, ya kuma zo da su. Aka shigo da mutanen nan biyar, ƙafafunsu duk ƙasar gandu. Ɗaya bayan ɗaya suka ce Dogo ne ya kira su, Dogo ne ya yi magana, su sauraro kawai suka yi. Maidamma ne na ƙarshe. Muryarsa ba ta fita, sai da dogari ya daka masa tsawa.

“Shi yak kawo zancen tela,” in ji shi. “Mu ba mu yarda ba.”

A nan ne kawai na ga Dogo ya ɗaga kai. Ya dube shi sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa.

Sai aka ce akwai ƙara ta biyu, ta aure. Aka tura ni gaba. Yarinya ta farka a bayana. Baba na durƙushe a gefena, ina jin numfashinsa.

“Ke ce matatai?”

“Ni ta.”

“An ce ba shi ciyar da ke. Akwai hatsi gidanku?”

Ban iya ƙarya a gaban alƙali ba, ga watan azumi. Na ce, “Babu.”

Mai gari ya gyara zama. Alƙali ya ce, “To mi kuka ci?”

“Bado da anza, awa kowa. Abin da yac ci shi nic ci. In ya rage, ni yaka bar ma.”

“Kina neman a raba ku?”

Na tuna ƙannena, na tuna ƙaramin cikinsu da ko tafiya bai iya ba. Na tuna leɓɓan Baba jiya. Na jira ya taɓa ni, ko ya yi gyaran murya, ko wani abu da zai nuna mini hanya. Bai motsa ba.

“A'a,” na ce. “Ban nema ba.”

Mai gari ya fara magana, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya juya ga Baba. “Kai uban yarinya, kana da ta cewa?”

Baba ya ce, “Allah shi gafarta malam, ta hwaɗi.”

“To babu mai ƙara, babu ƙara. Aure na nan.” Ya faɗi haka da sauri, bai dubi bafaden hakimi da ke zaune kusa da shi ba. Sannan ya rage murya ya yanke wa Dogo bulala goma sha biyu da ɗaurin wata uku a birni. Na daɗe ina tunanin dattijon nan. Abin da ya iya hanawa ya hana, abin da bai iya ba ya sa hannu.

A filin kasuwa aka yi bulalar. Baba ya ja ni muka bar wurin, amma sauti na bin mutum. Na ƙirga har goma sha biyu ba da sona ba.

Kafin salla aka karɓe fadamar Baba. Bai aiko ya gaya mini ba, a bakin wata mai tallan nono na ji. Daminar nan ƙodago ya yi a gonakin mutane, ƙannena biyu aka kai su riƙo garin Gandi wurin goggonmu. Na je gaishe shi sau ɗaya, mahaifiyata ta ƙi yi mini magana, shi kuwa ya tambaye ni tsiron gero kawai. Fadamar ba ta dawo ba har ya rasu.

Tsiron ya fito kyakkyawa, kore shar, kwana huɗu bayan shuka. Daga nan sama ta rufe. Kwana goma sha ɗaya babu ɗigo. Kullum da safe in je in tsaya a kansa, in ga ganye ya naɗe kamar tsinke. Hadari ya haɗu da yamma, mu fito mu zuba masa ido, iska ta watsa shi. Muka yi salla ba tuwo. Ranar da ruwa ya dawo, na zaga gonar ina duba rami rami. Wajen rabi ya mutu, mafi yawa a layukan da ni na sara, don ramukana ba su yi zurfi ba. Sauran mutane da suka dawo daga gandu a makare, yanzu ne suka yi tasu shukar, da irinsu cikakke. Ni ba ni da ko ƙwaya ta maimaici. Na zauna a bakin gona na rasa hawayen ma.

Haka na yi noman farko ni kaɗai, ina kewaya gurabe babu komai a ciki. Babu wanda ya taka gonar. In na shiga rijiya zance ya mutu.

Bayan kamar mako uku aka yi wani ruwa mai yawa da asuba. Lokacin cira ne, da ake rage tsiron da ya yi yawa a rami ɗaya a zubar, ko a kai wa dabbobi. Ina duƙe ina noma sai ga Tumba ta biyo gefen gona da ƙunshin ciyawa a ka. Ba ta yi sallama ba. Ta zo daidai ni ta saki ƙunshin ya faɗi, kamar ya suɓuce mata.

“Ciyawar awaki ta,” ta ce da ƙarfi, tana duban hanya. Sannan ƙasa ƙasa, “Dasa shi yanzu, tun ƙasa na da ruwa.”

Ta wuce. Na kwance ƙunshin. Tsiron gero ne, da saiwarsa da ƙasarsa, an cire shi a hankali, an jera kai ɗaya.

Ban gama dasa shi ba wata ta zo, ita ma ciyawarta ta suɓuce. Kafin azahar mata biyar sun yi wannan ɓarin a bakin gonata. Washegari ma haka. Ba wadda ta sa hannu a gonar Dogo, kamar yadda shela ta ce. Ni da Inna muka yi ta dashe a cikin taɓo, muna tona rami da yatsa, har muka cike guraben duka. Wani ya kama, wani bai kama ba. Wanda ya kama ya fi yawa.

Mai gari ya sani, ba shakka. Ya zo ya tsaya a kan hanya wata rana ya daɗe yana kallon gonar. Amma in zai kai ƙara, sai ya kai matan rabin gari a kan ciyawar awaki. Ya juya ya tafi.

Dogo ya dawo gero ya fid da kai ya fara nuna, muna ta fama da tsuntsaye. Da rana tsaka ya iso, a ƙasa, daga birni. Ina kan gona ina kaɗa gwangwani na hango wani dogon mutum ramamme yana tafe a hankali, sai da ya yi tari na gane shi. Bai biya gida ba, gona ya fara zuwa. Na durƙusa na yi masa sannu da zuwa. Ya amsa, ya taɓa kan yarinya, ita kuwa ta ɓoye fuska don ta manta shi.

Sai ya shiga cikin geron, ni ina biye. Manomi ne, ba sai an gaya masa komai ba. Ya tsaya a layukan farko ya ce nasa ne. Ya ga masu karkata ya dube ni, har ya ɗan yi murmushi. Ya ga miƙaƙƙun ya ce, “Wanga saran tsoho na.” Na ce Baba ne, na gaya masa abin da ya biyo baya.

Da muka shiga tsakiya ya fara lura gero ba iri ɗaya ba ne. Wani dogo, wani gajere, wani mai gashi a kai, wani fari. Kowane gida a tungarmu da irin da suka gada. Ya riƙa kama kai yana dubawa, yana faɗin gidan da ya fito, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Har ya zo kan wani mai kauri, mai duhun ƙwaya, wanda ya fi kowanne yawa a wurin. Ya riƙe shi ya ƙi saki.

“Na gidan Maidamma na.”

“Tumba tak kawo.”

“Ya sani?”

“Ta ce shi yac cira da hannunai. Shi yaɗ ɗaure mata shi, yac ce ta ce ciyawa ta.”

Dogo ya saki kan geron. Ya zauna a kan kunya, ya juya mini baya, na ga sawun bulala ta yagewar rigarsa. Tsuntsaye suka sauka a gefenmu, ban kore su ba. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

“Yana gida?”

“Tun da anka kai ka bai zauna cikin mutane ba. Daga gona sai ɗaki.”

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe rigarsa.

“Tahi ki gaya ma Inna na iso,” ya ce. “Ni bari in biya in yi mai sallama, don na san shi ba ya iya zowa.”